SIGARIN LANTARKI: A YI WA TUFKAR HANCI TUN DA WURI

Duk wanda ya san halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga a cikin shekarun da suka wuce, ya san irin farin cikin da jama'a suka yi a ƙarshen watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya je garin aka ƙulla sulhu, kana aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Hanyar da ta haɗa garin da Kaduna, mai tsawon kimanin kilomita 120, ta yi shekaru direbobi ba su bin ta sai da rakiyar soja, ko kuwa su yi dogon zagaye. Komawar motoci kan wannan hanya alheri ne babba ga manomi da ɗan kasuwa da ma'aikacin Gwamnati baki ɗaya.

To, amma hanya ba ta zaɓen kaya. Motar da ta ɗauki masara zuwa Kaduna ita ce za ta komo da taki da magani da littattafai, ita ce kuma za ta komo da duk wani sabon yayi da ya shigo birni. Cikin irin waɗannan kayan yayi akwai wanda mu ke so mu jawo hankalin hukuma da iyaye a kansa, watau sigarin lantarki, wanda a yau a ke sayar da shi a fili a shagunan Kaduna da Kano da Abuja, a ke kuma tallarsa ga samari ta wayar hannu. Mun ga ya fi kyau a yi magana tun abin yana bakin ƙofa, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san ko mene ne wannan abu. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, shi ne ya ƙirƙiro irin wanda a ke amfani da shi yanzu a cikin 2003, aka fara sayar da shi a can a 2004. Shi kansa mashayin taba ne, mahaifinsa kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa, saboda haka niyyarsa ita ce ya sami hanyar shan nikotin ba tare da ƙona ganyen taba ba. Na'urar tana da sassa kaɗan: batir, da 'yar naɗaɗɗiyar waya wadda aka cusa wa auduga, da ɗan tanki mai ɗauke da ruwa. Idan aka zuƙa, sai batir ya zafafa wayar, ruwan da audugar ta tsotsa ya zama tururi, mutum ya shaƙa. Shi kuwa ruwan, haɗi ne na wasu sinadarai biyu masu yauƙi, da turaren ɗanɗano, da nikotin, watau sinadarin nan da ke sa mai shan taba ya kasa rabuwa da ita. Mafi yawan waɗannan na'urori a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a ke ƙera su.

Sigarin lantarki hawa-hawa ne. Akwai mai araha wanda a ke jefarwa da zarar ruwansa ya ƙare. Akwai kuma mai tsada, wanda ya ke kama da ƙaramin akwatin rediyo, a ke yi masa caji, a ke ƙara masa ruwa, a ke canja masa waya. Wannan na biyun shi ne abin alfaharin masu hannu da shuni da 'ya'yansu, shi ne kuma wanda saura su ke burin mallaka. Idan aka duba abubuwan da masu sayensa su ke nema a jikinsa ɗaya bayan ɗaya, za a gane dalilin damuwarmu.

Abu na farko da mai saye ya ke tambaya shi ne ƙarfin batir. Yana son wanda zai wuni bai mutu ba, kuma a wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas wannan buƙata ta fi ƙarfi. Manyan na'urorin suna aiki ne da batir na litiyam, sau da yawa guda biyu, irin wanda a ke kira 18650 saboda faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Wannan batir yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, kuma ba ya shiri da zafin rana, ko cajar banza, ko haɗuwa da makulli da kwabbai a cikin aljihu. Idan ya ɓaci sai ya kama da wuta ko ya fashe. A cikin 2018 fashewar irin wannan na'ura ta kashe wani mutum a Jihar Florida ta Amurka, kuma tun 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a saka sigarin lantarki a cikin kayan da a ke lodawa a ƙarƙashin jirgi. Mai karatu ya auna wannan da zafin watan Maris da Afrilu a ƙasarmu, da kuma yawan jabun batir da jabun caja a kasuwanninmu.

Abu na biyu shi ne ikon sarrafa zafi. Ƙananan na'urori ba su wuce wat 10 zuwa 20 ba, alhali kuwa manyan su kan kai wat 200, kuma suna da 'yar fuska mai nuna lambobi da maɓallin da mutum zai ƙara ko ya rage wuta yadda ya ga dama. Dalilin son wannan shi ne yawan tururi, domin a wurin samari wanda ya fi fesa gajimare mai kauri shi ne gwani. Sai dai gwargwadon zafin wayar, gwargwadon abin da ke shiga huhu. Masana sun nuna tun 2015 cewa idan zafi ya yi yawa, musamman idan audugar ta bushe, ruwan yana rikiɗa ya fid da guba irin wadda a ke jiƙa gawa da ita don kada ta ruɓe. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun sami ɓurɓushin ƙarafa, har da dalma, a cikin tururin da ya bi ta kan wayar. Ke nan abin da mai saye ya biya ƙarin kuɗi dominsa shi ne ya ƙara masa haɗari.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran muni, shi ne ɗanɗano. Ana yin ruwan da ƙamshin mangwaro da kankana da lemo da na'ana'a da alawa, iri-iri har dubbai. Dattijon da ya shekara talatin yana shan sigari bai taɓa neman ta yi masa ɗanɗanon alawa ba. Wanda a ke yi wa wannan tarko shi ne yaron da bai taɓa sa taba a baki ba, wanda da ɗacin hayaƙi da tari za su kore shi tun a zuƙar farko. Akwai abin lura a nan: ita kanta ƙasar Sin, inda a ke ƙera kayan, ta hana sayar da mai ɗanɗanon 'ya'yan itace a cikin gida tun daga watan Oktoba na 2022, amma masana'antunta suna ci gaba da yi don aikawa ƙasashen waje. Idan mai dafa abinci ya hana 'ya'yansa ci, ya kamata baƙon da aka miƙa wa akushi ya yi tambaya.

Abu na huɗu shi ne nikotin mai ƙarfi wanda ba ya ƙona maƙogwaro. A da, idan nikotin ya yi yawa a ruwan, shaƙarsa sai da wuya. A cikin 2015 kamfanin Juul na Amurka ya fito da wani haɗi da a ke kira gishirin nikotin, wanda ya ke shiga da laushi ko da ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin ɗari. Sakamakon bai jima ba ya bayyana. A 2019 ƙididdigar Gwamnatin Amurka ta nuna fiye da ɗalibi ɗaya cikin huɗu na manyan makarantun sakandare yana shan sigarin lantarki, a ƙasar da ta yi shekaru tana murnar yara sun guji taba. A ƙarshen wannan shekara aka ɗaga shekarun sayen taba a can zuwa 21. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin a ƙuruciya yana taɓa natsuwa da riƙon karatu, yana kuma kafa jaraba mai wuyar cirewa. Karan sigari yana ƙarewa, mai sha ya san ya sha ɗaya ko biyu. Na lantarki kuwa ba shi da wannan iyaka, mutum yana iya zuƙa tun safe har dare bai san adadin da ya sha ba.

Abu na biyar shi ne sutura da ado. Ana son wanda ba ya barin wari a tufafi, ba ya baƙanta leɓe, ba ya buƙatar ashana. Wasu an ƙera su kamar biro, wasu kamar ɗan filas na kwamfuta. A zamanin kakanninmu mai shan lofe ko mai ɗura tabar gari kowa ya san shi, kuma yaro ba ya kusantar abin sai ya sha kunya. Har sigarin kwali ma warinta ya kan tona asirin ɗan makaranta a gaban malaminsa ko mahaifiyarsa. Wannan na'ura ta kawar da wannan shinge. Malami zai iya ganinta a kan tebur ya ɗauka kayan karatu ne, uwa kuma ta ji ƙamshin lemo a ɗakin ɗanta ta ɗauka turare ne.

Adalci ya wajaba, saboda haka ba za mu ɓoye hujjar masu goyon bayan abin ba. Hayaƙin sigarin da a ke ƙonawa yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki masu jawo ciwon daji ne, kuma taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a duniya kowace shekara. Tun da na lantarki ba ya ƙona ganye, gubarsa ba ta kai wannan ba. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta faɗa a 2015 cewa illarsa ta yi ƙasa da ta sigari da kimanin kashi 95 cikin ɗari, ko da ya ke masana da yawa sun yi jayayya da wannan adadi. Akwai kuma bincike mai ƙarfi da ya nuna yana taimaka wa wasu tsofaffin mashaya su bar sigari. Mun yarda da wannan gwargwadon yadda ya ke. Amma maganar ta shafi wanda ya riga ya kamu ne, ya kuma bar sigarin kwali gaba ɗaya. Wanda ya faɗo daga kan dabino, aka ce masa gara ya faɗo daga kan katanga, an yi masa nasiha. Wanda ke tsaye a ƙasa lafiya lau ba shi da dalilin hawa katangar. Ita ma Ingilar ta ɗaure abin da doka: nikotin ba ya wuce miligiram 20 a kowane mililita, tanki ba ya wuce mililita 2, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma daga 1 ga Yuni, 2025 ta haramta irin wanda a ke sha a jefar.

Sauran ƙasashe ma ba su zauna sun zuba ido ba. Brazil ta hana sayar da shi tun 2009, Indiya ta haramta shi a 2019, Ostareliya kuwa tun 2024 sai a kantin magani kaɗai a ke samunsa bisa doka. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, kafin watan Fabrairu na 2020 ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti, 68 suka mutu. Da aka bincika sai aka gano yawancinsu sun sha ruwan da aka haɗa a bayan fage ne, mai ɗauke da sinadarin wiwi da wani mai da aka ƙara don ya yi kauri. Wannan darasi namu ne kai tsaye. Na'urar da a ke buɗewa a zuba ruwa, kowane irin ruwa tana karɓa, kuma a ƙasar da jabu ya yi yawa babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga gwamnatoci a watan Disamba na 2023 da su ɗauki mataki cikin gaggawa, kana a watan Oktoba na 2025 ta ƙiyasta cewa masu shan sigarin lantarki sun haura miliyan 100, cikinsu har da yara aƙalla miliyan 15 'yan shekara 13 zuwa 15.

A nan gida, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa a 2015, aka fid da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma wajabta gargaɗi a jikin kwali. Doka ce mai kyau a takarda, amma duk wanda ya tsaya a gaban mai tireda ya san har gobe kara-kara a ke sayarwa. Bugu da ƙari, an tsara ta ne da ganyen taba a zuciya, ba ta fayyace matsayin na'urar da ke aiki da ruwa da batir ba. Ta wannan kafa ce kayan ke shigowa, ba iyakar nikotin, ba gargaɗi da harshen da mai saye ya ke ji.

Mun ga irin wannan sakaci a baya. Maganin tari mai kodin ya yi shekaru yana cin samari da matan aure a Arewa, kowa yana gani, ba a hana yinsa da shigo da shi ba sai a watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton BBC ya tona asirin cinikin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a wannan shekara ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna shan miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan. Ba mu ce sigarin lantarki daidai ya ke da kodin ba. Abin da mu ke cewa shi ne halinmu na jira sai wuta ta ci rabin gari kafin a nemi guga bai kamata ya maimaitu ba.

Dalilin da ya sa muka ɗora maganar a kan Birnin Gwari shi ne, wurin da ke farfaɗowa daga wahala ya fi kowane wuri sauƙin cutuwa. Yaran Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da sauran garuruwan masarautar sun yi asarar shekarun karatu, da yawa sun tashi cikin firgici da zaman banza, kuma ba wanda bai san rawar da ƙwaya ta taka a ta'asar da aka yi a dajin nan ba. Saurayin da ya sami kuɗi a hannu daga noma ko haƙar zinariya, ya ga sa'o'insa na birni suna fesa tururi a waya, shi ne kasuwar da a ke nema. Na'ura mai tsada tana iya cin kuɗin buhun masara, kuma sayenta somin taɓi ne, domin waya tana ƙonewa cikin mako ɗaya ko biyu, ruwa yana ƙarewa, batir yana tsufa. Idan kuwa huhu ya taɓu ko batir ya fashe a fuska, tafiya ce mai nisa kafin a kai ga babban asibiti a Kaduna ko Zariya.

Akwai kuma maganar ƙasa da daji. Kowane sigarin lantarki da aka jefar yana ɗauke da batir da roba da ragowar nikotin. A Ingila an ƙiyasta a 2023 ana jefar da kimanin miliyan 5 kowane mako, kuma batiran suna ta da gobara a motocin shara. Mu da ba mu da tsarin tattara irin wannan shara, a gona da bakin rafi da juji za ta ƙare, inda yara da dabbobi ke yawo. Gandun Dajin Kamuku, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, da dazuzzukan da ke kewaye da shi, sun sha isasshiyar wahala, kuma ciyawar rani ba ta buƙatar wuta mai yawa kafin ta kama.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da su gyara dokar 2015 ta yadda za ta ambaci sigarin lantarki da sunansa. A sa iyakar nikotin, a hana ɗanɗanon alawa da 'ya'yan itace, a hana irin wanda a ke sha a jefar, a hana tallarsa ta waya, a kuma wajabta gargaɗi da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa. Hukumar Kwastan da NAFDAC da hukumar kula da ingancin kayayyaki su san abin da ke shigowa, su gwada ruwan da batiran kafin su isa kasuwa. Wanda ya daɗe yana shan sigari kuma ya ke neman hanyar bari, a buɗe masa ƙofa a asibitocin Gwamnati ya sami shawarar likita, maimakon a bar shi da shawarar mai shago.

Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ba sai ta jira Abuja ba. Ma'aikatar Ilmi tana iya aika wa shugabannin makarantu takarda mai ɗauke da hotunan waɗannan na'urori domin malamai su gane su, ta kuma sa bayaninsu cikin darasin kiwon lafiya. Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, tare da Masarauta da hakimai da shugabannin kasuwa, suna iya yin yarjejeniya da masu shaguna da masu cajin waya cewa ba za a sayar wa yaro ba. Jama'ar da suka iya haɗa kai a kan maganar tsaro ba za su kasa haɗa kai a kan wannan ba.

Ma'aikatan Gwamnati, musamman waɗanda aka tura ƙauyuka, su tuna cewa idon yara yana kansu, kuma abin da malami ko akawu ya riƙe a hannu shi ne wayewa a wurin ɗan ƙauye. Ɗalibai kuwa su yi lissafi da kansu kafin su saya: batir mai ƙarfi, da tururi mai kauri, da ɗanɗano mai daɗi, da nikotin mai laushi, duk an tsara su ne domin wanda ya fara ya kasa dainawa, kuma kuɗin zai riƙa fita daga aljihunsa shekara da shekaru. Rigakafi ya fi magani, kuma yanzu ne lokacinsa.